Bangon da ke roƙon addu'a: yadda ake karanta ginin cocin Long Melford

A gabashin Ingila, cikin yankin Suffolk, akwai wani gari da bai wuce babban ƙauye ba, sunansa Long Melford. Titi guda ne dogo ya ratsa shi, a ƙarshensa ta arewa kuma akwai fili mai ciyawa da ya ɗan hau tudu. A kan tudun nan cocin garin yake, wanda ake kira Holy Trinity, wato Triniti Mai Tsarki. Baƙo in ya hango shi daga ƙasa sai ya ɗauka babban cocin bishop ne, saboda tsawonsa da yawan tagoginsa. Alhali cocin gari ne kurum, inda ake yi wa jariran garin baftisma, a ɗaura aure, a yi jana'iza. Yau yana ƙarƙashin Ikilisiyar Ingila, uwar ɗariƙar Angalikan ta duniya. Amma waɗanda suka gina shi ba su taɓa jin wannan suna ba. 'Yan Katolika ne masu bin Paparoma, kuma sun kammala aikinsu kusan shekara arba'in kafin Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Roma a 1534.

Wannan shi ne mabuɗin fahimtar ginin, kuma mabuɗin fahimtar dubban tsofaffin coci-cocin Angalikan da ke ƙauyukan Ingila. An yanka rigar ne don jikin wani, wani daban ya gaje ta ya sa. Duk wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, zai ga ɗakuna da lunguna da matakala waɗanda ba su da amfani a ibadar yau, ya rasa dalilinsu.

Mu fara da kuɗi, domin bango ba ya tashi da fatar baki. A ƙarni na 14 da na 15 Ingila ta sauya daga sayar da ɗanyen gashin tumaki zuwa sayar da saƙaƙƙen yadin ulu, kuma garuruwan kwarin kogin Stour suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar sauyin. Attajiri zai sayi gashi ya raba wa masu kaɗi da masaƙa a gidajensu, ya kai rini, ya tura Landan, daga can a wuce da shi ƙetare. Maƙwabciyar Melford, wato Lavenham, ta yi suna da shuɗin yadi da ake rinawa da wani ganye mai aiki irin na baba, har lissafin harajin 1524 ya sa ta ta goma sha huɗu a arziki cikin garuruwan Ingila duka. Da irin wannan dukiya aka sāke gina cocin Melford tsakanin wajajen 1467 da 1497. Jagoran aikin shi ne John Clopton, mai gidan Kentwell da ke kusa, mutumin da aka taɓa kullewa a Hasumiyar Landan a 1462 bisa zargin cin amanar sarki. An fille kan waɗanda aka kama su tare, shi ya tsira. Sauran rayuwarsa har mutuwarsa a 1497 ya ba da ita ga wannan gini, tare da iyalin Martin masu fataucin yadi da wasu da dama.

Mun san sunayensu ne saboda sun rubuta su a jikin bangon. Daga waje, a saman tagogi, akwai dogon rubutu da ya bi ginin, yana cewa a yi addu'a domin ran wane da matarsa wance, waɗanda da dukiyarsu aka yi wannan baka ko waɗannan tagogi. Har da shekaru a wasu wuraren, irin su 1481 da 1496. Ba manya kaɗai ba: akwai sunan Richard Loveday, wanda rubutun ya ce ma'aikacin gidan John Clopton ne. Mai kallo na yau zai yi saurin cewa riya ce, attajirai ne ke tallar kansu. Su ma sun san za a faɗi haka, domin a jikin ɗakin sujada na Maryamu akwai layi da Latin da ke kafa Almasihu shaida cewa ba don neman yabo aka nuna waɗannan abubuwa ba, sai don a tuna da rai. Ni na gaskata su, ko da son a san su bai rasa nasa kaso ba. A aƙidar zamanin, yawancin matattu suna bi ta wani matsayi na tsarkakewa da ake kira Furgatori kafin su shiga sama, kuma addu'ar masu rai tana rage musu zaman. Don haka suna a bango tamkar takardar bashi ce: na ba ku rufi da haske, ku biya ni da addu'a. An rubuta yawancinsa da Ingilishi, harshen talaka, don duk mai iya haɗa baƙi ya karanta ya biya.

Sai kayan aiki. Suffolk ba ta da dutsen gini mai sassaƙuwa. Abin da ƙasar ke da shi a yalwace shi ne ƙanƙara, irin dutsen nan da ake buga ƙyastu a kai a sami wuta, yana fitowa guntu-guntu daga cikin ƙasa mai alli. Ba a iya yanka shi murabba'i mai girma, ba a iya yin kusurwa ko bakin taga da shi. Farin dutse mai laushi kuwa sai an yi dakonsa daga nesa, galibi ta ruwa, da tsada. Maginan yankin sai suka mai da rashin ya zama ado. Sukan fasa ƙanƙarar ta nuna baƙin cikinta mai sheƙi, su sassaƙa siraran firam na farin dutse, su cika tsakani da fasassun guntayen, a daidaita fuska ta zama shafe ɗaya ba tudu ba kwari. Daga nesa sai ka ga kamar zane baƙi da fari a jikin bango, yana walƙiya in an yi ruwa rana ta fito. Kusan duk fuskar kudu ta cocin Melford haka take, kuma ta kudun ce ke kallon gari. Wannan dabara tana burge ni fiye da duk wani abu a ginin, domin ba daga littafi ta fito ba. Daga ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu ta fito, kamar yadda maginin Zazzau ya fitar da bakan gizo da ɗaurin guga daga jar ƙasa da azara.

Salon ginin shi ne kashi na ƙarshe na salon Gotik, wato salon ginin Turai mai bakuna masu tsini, a Ingila, wanda ya soma a shekarun 1330 ya kai har ƙarni na 16. Alamarsa miƙaƙƙun layuka: sandunan dutse da ke raba taga suna tashi sak daga ƙasa har sama ba lanƙwasa, wasu kuma su gitta su, taga ta zama kamar jerin allunan gilashi. Wannan ya ba magini damar faɗaɗa taga har bango ya kusa ƙarewa. A Melford abin ya kai matuƙa. Zauren tsakiya ya fi na gefe biyu tsayi, kuma a wannan ratar ta sama aka jera tagogi biyu-biyu a kan kowane baka, kusa da juna har abin da ya rage na bango bai wuce siririn ginshiƙi ba.

To me ya hana shi faɗuwa? Rufin. Manyan coci-cocin bishop sukan yi rufin dutse mai lanƙwasa, wanda ke tura bango waje da ƙarfi, dole a tokare shi da manyan ginshiƙai ta baya. Melford rufin katako aka yi mata, mai ɗan kwanciya, aka lulluɓe da darma. Manyan gungumen da suka gitta daga bango zuwa bango suna ɗaure ɓangarorin biyu, nauyin kuma yana sauka kai tsaye ta kan ginshiƙai. Rufi marar nauyi shi ya sayo musu hasken. A ƙasar da rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a tsakiyar hunturu, haske ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba duka suka rushe suka soma daga tushe ba: ginshiƙan ɓangaren yamma na tsohon cocin da ya riga wannan ne, aka bar su aka ɗora sabon aiki a kai.

Tsarin ciki yana bin wata tsohuwar ƙa'ida. Coci yana fuskantar gabas, bagade, wato teburin da ake yin jibin Ubangiji a kai, yana can ƙarshen gabas, hasumiyar ƙararrawa tana yamma. An raba ginin gida biyu, zauren jama'a da ɓangaren bagade, kuma rabon ba na ibada kaɗai ba ne, har da na aljihu. A wancan zamani gyaran ɓangaren bagade yana wuyan limamin da ke karɓar ushirin gari, zauren jama'a kuwa yana wuyan mutanen gari. Shi ya sa a ƙauyuka da yawa za ka ga zaure ƙato sabo manne da ɗan tsohon ɓangaren bagade: jama'a sun yi kuɗi sun gina nasu, limami bai taɓa nasa ba. A Melford an yi aikin gaba ɗaya, rufi ɗaya ya miƙe daga yamma har gabas ba tare da bakan dutse da ya raba tsakani ba. Abin da ya raba su a da shi ne shingen katako mai sassaƙa, a samansa akwai ɗan bene, a saman benen kuma babban gicciye da siffar Maryamu da ta Yohanna a gefe da gefe. Duk wanda ya shigo, nan idonsa zai fara sauka. Yau babu ko ɗaya daga cikinsu.

Yadda suka ɓace shi ne rabin labarin na biyu. Henry ya rabu da Paparoma amma bai taɓa ibadar coci sosai ba, ko da yake ya rushe gidajen sufaye, ciki har da babban gidan Bury St Edmunds da ke da mallakar ƙasar Melford, a 1539. A zamanin ɗansa Edward na Shida ne guguwar ta shiga cikin coci-cocin gari. Dokar 1547 ta soke waƙafin da aka ajiye don yi wa matattu addu'a, gwamnati ta ƙwace dukiyar. Aka ba da umarnin sauke siffofi. A 1549 Littafin Addu'a na Ingilishi ya maye gurbin Latin, a 1550 aka ce a fasa bagaden dutse a sa teburin katako. Sarauniya Mary ta maido da tsohon tsari daga 1553, Elizabeth ta sāke juya shi a 1559. Cikin shekara goma sha biyu mutanen gari ɗaya sun biya kuɗin saukewa, sun biya na mayarwa, sun sāke biyan na saukewa.

Melford ta yi sa'ar da yawancin garuruwa ba su yi ba: ta sami mai ba da shaida. Roger Martin, jikan gidan nan na masu yadi, ya ga cocin da cikakken adonsa yana yaro, ya rayu har 1615 yana riƙe da Katolikancinsa duk da tara da matsin da ke kan masu yin haka. Da ya tsufa sai ya rubuta yadda ya san cocin: gicciyen da ke kan bene, zanen manzanni goma sha biyu a gaban benen, allon bagade mai sassaƙar labarin shan wuyar Almasihu, da yadda ake zagaya harabar coci a ranar Lahadin ganyen dabino. Ya ce wasu kayan ɗakin sujadar iyalinsu da ke cikin cocin suna ajiye a wurinsa, yana fata magadansa za su mayar da su wata rana. Ba a mayar ba. Amma rubutunsa ya sa muna iya tsayawa a zauren da ya zama fili mu san abin da ke ina. Wani kuma, wanda ba a san sunansa ba, ya bi wata hanyar: an tsinci allon farin dutse na ƙarni na 14 mai nuna masanan gabas suna gaida jariri Yesu a ƙarƙashin daɓen cocin a ƙarni na 18. Yanzu yana manne a bango.

Guguwa ta biyu ta zo lokacin yaƙin basasar Ingila, tsakanin sarki da majalisa. A 1644 wani William Dowsing ya bi coci-cocin Suffolk da izinin ɓangaren majalisa yana farfasa hotuna, kuma rubutun da ke cewa a yi wa matacce addu'a yana cikin abin da yake nema. A Clare, 'yan mil kaɗan daga Melford, shi da kansa ya rubuta cewa sun fasa hotuna dubu. Idan aka auna da wannan, abin da ya tsira a Melford abin mamaki ne. Rubutun bango yana nan. Gilashi mai launi na ƙarni na 15 ma ya tsira da yawa, an tattara shi a tagogin ɓangaren arewa: maza da mata a durƙushe cikin rigunan da ke ɗauke da tambarin gidajensu, alƙalai da jajayen kaya, dangi da abokan John Clopton. Hotunan tsarkaka ne suka fi shan duka a ko'ina, hoton maƙwabci kuwa ba gunki ba ne a idon kowa. Akwai ɗan ƙaramin gilashi mai zomaye uku suna bin juna a da'ira, kunnuwa uku ne kacal tsakaninsu amma kowane zomo ka duba yana da biyu, abin da aka saba fassarawa da alamar Triniti.

Wurare biyu a ginin sun fi nuna abin da sauyin ya yi. Na farko ɗan ƙaramin ɗaki ne a arewa maso gabas, wanda aka yi domin limami ya riƙa yi wa iyalin Clopton addu'a. A kewayen rufinsa an zana baitocin John Lydgate, sufin Bury, a kan sassaƙa mai kama da naɗaɗɗiyar takarda, a tagarsa kuma akwai gilashin da ke nuna Almasihu a gicciye a kan furen lili. Kabarin John Clopton yana cikin bangon da ya raba ɗakin da ɓangaren bagade, buɗe ta fuska biyu, kuma an yi shi ne yadda a makon Ista za a riƙa ajiye gurasar jibi a kansa a matsayin kabarin Almasihu. Mutumin ya nemi wuri mafi kusa da abin da ya fi tsarki a idonsa. Shekara hamsin bayan mutuwarsa doka ta soke aikin da aka gina ɗakin dominsa.

Na biyu shi ne ɗakin sujada na Maryamu, wanda aka yi a 1496 a ƙarshen gabas, kusan gini ne mai zaman kansa, da rufi mai tsini uku. A cikinsa akwai ɗaki a tsakiya da hanya da ta kewaye shi ta kowane gefe, tsarin da ba a saba gani a cocin gari ba. Da aka daina ibadar da aka yi shi dominta, gari bai rushe shi ba, ya mai da shi makaranta a ƙarni na 17, har yau akwai jadawalin sau a jikin bangonsa. Wasu na ganin wannan ƙasƙanci ne ga ɗakin. Ni ina ganin shi ya cece shi. Ginin da ba a shiga, rufinsa ke fara yoyo ba wanda ya sani.

Ibadar Angalikan ta farko ta kunne ce fiye da ido: karatu da wa'azi da harshen da kowa ke ji. Don haka nauyin coci ya tashi daga bagade ya koma mumbari, aka shafe zanen bango da farar ƙasa, aka cika zaure da kujerun katako. Tagogin da aka yi don ɗaukar hotuna suka koma farin gilashi, hasken da ke cika wurin yau ya fi wanda maginansa suka nufa. A ƙarni na 19 kuma ra'ayi ya sāke juyawa. Wani motsi da ya taso daga Oxford a 1833 ya nemi maido da darajar bagade da jibin Ubangiji, masu zanen gini suka bazu cikin ƙasa suna gyara tsofaffin coci don su koma kamannin da, wani lokaci suna ɓata abin da suka zo gyarawa. Hasumiyar Melford 'yar wannan zamani ce. Tsawa ta lalata ta asali a farkon ƙarni na 18, aka yi wata da jan bulo, sannan tsakanin 1898 da 1903 George Frederick Bodley ya lulluɓe ta bulon da ƙanƙara da farin dutse, ya ƙara mata tsayi. Wadda ta bulo tana nan a ciki har yanzu. Baƙo da yawa kan ɗauka tare aka gina ta da sauran cocin. Akwai masu ƙin irin wannan, suna cewa kowane zamani ya yi magana da muryarsa. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma a nan ina bayan Bodley: gini mai tsawo haka yana bukatar abin da zai riƙe shi ta yamma, kuma ya yi aikin da kayan ƙasar da ladabin bin na gaba da shi.

Wannan tsari na zauren jama'a da bagade a gabas ya bi 'yan mishan na Angalikan duk inda suka je, kuma galibi da dutse ko bulo irin na gida suka kwaikwaye shi. Ƙasar Hausa tana da misalin da ya saɓa: cocin St Bartholomew da ke Wusasa kusa da Zariya, wanda aka gina a wajajen 1929 da ƙasa, bisa fasahar maginan Hausa. Tsarin ibada na Ingila ne, jikin ginin na nan ne. A wannan fuska ya fi kusa da ruhin Melford fiye da waɗanda suka kwafi kamanninta, domin su ma mutanen Suffolk da abin da ƙasarsu ta ba su suka yi.

Nauyin riƙe ginin bai tashi daga inda yake tun farko ba. Ikilisiyar Ingila tana da coci kusan 16,000, fiye da 12,000 daga ciki suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, Melford kuma tana mataki na ɗaya. Duk da ana kiranta ikilisiyar ƙasa, gwamnati ba ta ɗauke da kuɗin kula da su na yau da kullum. Majalisar cocin kowane gari ce ke nema, ta hanyar baiko da gudummawar baƙi da tallafin ƙungiyoyi. Duk shekara biyar dole masanin gini ya duba daga rufi har tushe ya rubuta rahoto, kuma ba a canza ko benci sai da izinin kotun coci ta yankin bishop. Darma tana tsagewa, ɓarayi ma suna sace ta daga rufin coci-cocin karkara, indararo yana toshewa, turmin da ke riƙe ƙanƙara yana zubewa in an yi ƙanƙarar sanyi. A da attajiran yadi ne ke biya, suna da yaƙinin abin da za su samu a lahira. Yau tsirarun masu zuwa sujada ne, yawancinsu dattawa, ke ɗauke da ginin da aka yi wa gari guda a lokacin da kowa ke zuwa.

Wani tsohon bashi ɗaya dai ana biyansa. A ɓangaren arewa akwai kabarin William Clopton, mahaifin John, wanda ya rasu a 1446, siffarsa kwance cikin sulke. Shi ya ba garin Hadleigh filin kasuwa da zauren taro a kan hayar jan furen wardi guda a shekara, kuma har yanzu magajin garin Hadleigh yakan kawo furen a ɗora a kan kabarin.